Daga Dutsen Ƙonni Zuwa Dimorphos: Tarihin Duwatsun da Ke Faɗowa Daga Sama

A shekarar 1923, shekara ɗaya bayan Faransa ta mayar da Nijar cikakkiyar ƙasar mallakarta, lokacin da gwamna yake zaune a Damagaram ba a Yamai ba, wani dutse ya faɗo daga sama a ƙasar Birnin Ƙonni. An ga faɗowarsa, an tsince shi, daga baya ya isa hannun masana. Abin da aka adana nauyinsa giram 560 ne, rabin kilo da 'yar ɗoriya. Ƙa'idar masana ita ce kowane dutse irin wannan ya ɗauki sunan garin da ya fi kusa da inda ya sauka, saboda haka har gobe yana cikin kundin duwatsun sama na duniya da rubutun Faransawan wancan zamani: Birni N'konni.

Waɗanda suka auna shi sun sa shi a rukunin da suke kira H4. Harafin yana nuna dutse ne mai ƙarfe da yawa a jikinsa, lambar kuma tana nuna zafi bai canja cikinsa sosai ba. In aka yanka irinsa, za a ga ƙananan ƙwayoyi zagayayyu waɗanda suka daskare tun shekara miliyan 4,560 da suka wuce, lokacin da rana da duniyoyinta suke haɗuwa daga ƙura da hayaƙi. Ke nan babu dutse ko ɗaya a tsaunukan Adar, ko a duk faɗin doron ƙasa, da ya kai wannan ɗan dutse tsufa. Ɓarɓashi ne na ɗaya daga cikin dubban dubatan duwatsun da ke kewaya rana, akasarinsu tsakanin duniyar Mars da ta Jupiter, wasu kuma hanyarsu tana gittawa ta kan hanyar duniyarmu.

Mutanen Ƙonni na 1923 sun san faɗuwar tauraro, kamar yadda kowane mai kwana a waje lokacin bazara ya sani. Wasu su ce wani babba ne ya rasu, malamai su ce jifan shaiɗanu ne. Manomi kuma kan tono wani sulɓaɓɓen dutse mai baki a gona ya ce gatarin aradu ne, alhali kayan aikin mutanen da ne da suka sassaƙa da hannu. Ba wanda ya zaci cewa cikin shekara ɗari ɗan Adam zai ƙirga waɗannan duwatsu tun suna nesa, ya san ranar zuwansu, har ya aika kumbo ya ture ɗaya daga hanyarsa. Yadda aka taso daga tsintuwa bayan faɗowa zuwa hangowa kafin isowa shi ne wannan tarihi, kuma ƙasar Hausa tana da hannu a cikinsa fiye da yadda aka sani.

Lokacin da masana suka ƙi yarda

Har ƙarshen ƙarni na 18 manyan masanan Turai ba su yarda dutse yana faɗowa daga sama ba. In ƙauyawa suka kawo labari, sai a ce tsawa ce ta bugi dutsen da dama yake ƙasa, ko kuwa camfi ne na marasa karatu. A 1794 wani Bajamushe, Ernst Chladni, ya tattara irin waɗannan labarai ya ce gaskiya ne, duwatsun daga wajen duniya suke zuwa. Aka yi masa dariya. Sai ranar 26 ga Afrilu 1803 duwatsu kusan 3,000 suka zubo da rana tsaka a kan garin L'Aigle na Faransa. Hukuma ta aika wani matashin masani, Jean-Baptiste Biot, ya bi ƙauyuka yana tambayar manoma da limamai da sojoji, ya zana taswirar inda kowane dutse ya sauka. Gani ya kori ji. Daga rahotonsa gardama ta ƙare, kuma maganar talakan da ya ga abu da idonsa ta zama hujja a wannan fanni.

Shekara biyu kafin haka, ranar 1 ga Janairu 1801, Giuseppe Piazzi ya hango Ceres daga birnin Palermo na Italiya, na farko cikin waɗannan duwatsu masu kewaya rana. A 1898 aka gano Eros, wanda ya nuna cewa wasunsu suna matsowa kusa da mu. Amma ba wanda ya ɗauki abin a matsayin barazana, ko da bayan abin da ya faru a Tunguska cikin dajin Saberiya ranar 30 ga Yuni 1908. A safiyar nan wani abu mai faɗin kimanin mita 50 ya tarwatse a sama, ya kwantar da itatuwa kusan miliyan 80 a fili mai faɗin murabba'in kilomita sama da 2,000. Da yake daji ne mai nisa, sai a 1927 Leonid Kulik ya isa wurin da tawagarsa, shekara huɗu bayan dutsen Ƙonni. Bai tarar da rami ba, sai itatuwa kwance, kawunansu duk suna kallon waje daga tsakiya. A 1937 wani dutse da aka sa wa suna Hermes ya wuce a tazarar da ta kai ninki biyu na nisan wata, aka hango shi na 'yan kwanaki, ya ɓace, ba a sake ganinsa ba sai 2003.

Zagami da 'yan'uwansa

Ranar 3 ga Oktoba 1962, a kusa da dutsen Zagami cikin ƙasar Katsina, wani manomi yana korar hankaki daga gonarsa ya ji ƙara mai ƙarfi, iska ta buge shi, wani abu ya nutse a ƙasa taku kaɗan daga inda yake tsaye. Da aka tono, sai ga dutse mai nauyin kilo 18, baƙi wuluk a waje saboda ƙunar da ya sha a hanya. Aka kai shi ofishin binciken ma'adinai na Kaduna. Shekaru suka wuce kafin a gane abin da aka samu. A 1976 kumbunan Viking na Amurka suka auna iskar duniyar Mars, daga baya masana suka tarar da iska iri ɗaya a kulle cikin wasu duwatsun da suka faɗo duniya, har da na Zagami. Ashe wani dutse ne ya bugi Mars kimanin shekara miliyan 3 da suka wuce, ya fizgi ɓangaren ƙasarta ya wurga sarari, ya yi ta yawo har ya sauka a gonar Bakatsine. A 1996 aka sa wani ɗan ƙwaya na dutsen Zagami a jikin kumbon Mars Global Surveyor, ya koma yana kewaya duniyar da ya fito.

Ba su kaɗai ba ne. An rubuta faɗowar dutse a Doso a 1962, a Kabo ta ƙasar Kano a 1971, a Mayo Belwa a 1974. Ranar 3 ga Afrilu 1984 wani mai nauyin kusan kilo 100 ya sauka kusa da ƙauyen Bogga Dingare na Gujba, cikin jihar Yobe ta yanzu, wani nau'i da ba kasafai ake samunsa ba, jikinsa cike da dunƙulen ƙarfe. Mutane suka farfasa shi suka rarraba. Ranar 21 ga Agusta 1991 kuma, a arewacin jihar Tawa kusa da dutsen Tazerzait, wani yaro ɗan Abzinawa mai shekara bakwai ya ga faɗowar wani mai kilo 110.

Yawan waɗannan labarai ba ya nufin sama ta fi jifan wannan yanki. Duwatsu suna faɗowa ko'ina, yawancinsu ma cikin teku. Abin da ya bambanta ƙasar Hausa shi ne fili a buɗe, sama garau watanni da yawa, da mutane a gona da makiyaya a daji waɗanda ke gani su kuma ba da labari. Dutsen da aka ga faɗowarsa aka ɗauke shi nan take ya fi wanda ya daɗe a ƙasa daraja wurin masana, don ruwa da tsatsa ba su taɓa shi ba. Daga irin waɗannan ne aka san ƙarfi da nauyi da taurin manyan da ke can sama, abin da dole a sani kafin a yi tunanin ture ɗaya.

Shaidar da ke ƙarƙashin Malbaza

Wanda ya bi babbar hanya daga Ƙonni zuwa Galmi ya san masana'antar siminti ta Malbaza, wadda take aiki tun shekarun 1960. Farin dutsen da ake haƙa a can, kamar na Kalambaina kusa da Sakkwato, a ƙarƙashin teku ya kwanta. Akwai zamanin da wani reshen teku ya ratso Sahara ya rufe ƙasar Adar da ta Sakkwato, shi ya sa ake tsintar bawon katantanwar ruwa da haƙoran kifi a tsaunukan yankin. A shimfiɗar da ke ƙasa, wadda ta fi tsufa, an tono ƙasusuwan wasu manyan dabbobin ruwa dangin ƙadangare. Ɗaya an sa masa sunan Goronyo, Goronyosaurus, wani kuma sunan dutsen Igdaman na jihar Tawa. A shimfiɗar sama, wadda ake yin siminti da ita, babu su ko ɗaya. Tsakanin shimfiɗun biyu wani abu ya auku shekara miliyan 66 da suka wuce.

A 1980 Luis Alvarez da ɗansa Walter, tare da abokan aikinsu, suka ba da amsa. Sun auna wata siririyar laka a Gubbio ta Italiya da wasu wurare, daidai kan iyakar zamunan nan biyu, suka tarar da ƙarfen iridiyum mai yawa, wanda yake da ƙaranci a doron ƙasa amma yana da yawa a duwatsun sama. Suka ce dutse ne mai faɗin kimanin kilomita 10 ya faɗo, ƙura ta rufe rana, tsirrai suka mutu, dabbobi suka bi su. An yi shekara goma ana musu, har a 1991 aka tabbatar da ramin a Chicxulub, gaɓar ƙasar Meziko, faɗinsa kusan kilomita 180, binne a ƙarƙashin ƙasa da teku. Kashi uku cikin huɗu na nau'o'in halittu suka ƙare, har da manyan dabbobin nan na dainaso da ƙadangarun tekun Sakkwato da Adar. A 2022 aka ba da labarin wani rami mai suna Nadir a ƙarƙashin teku daura da ƙasar Gini, wanda shekarunsa suka yi kusa da na Chicxulub.

Afirka cike take da irin wannan tabo. Tafkin Bosumtwi kusa da Kumasi rami ne mai faɗin kilomita 10 da rabi, shekararsa kimanin miliyan ɗaya. Akwai Aorounga da Gweni-Fada a arewacin Chadi, Tenoumer a Muritaniya, da Vredefort a Afirka ta Kudu, wanda yake cikin mafi girma da aka sani. Eugene Shoemaker ne, tun 1960, ya koya wa masana yadda ake gane ramin dutsen sama da na aman wuta, bayan ya yi nazarin ramin Arizona mai faɗin kilomita 1.2.

Daga tsintuwa zuwa gadi

Shoemaker ɗin nan, da matarsa Carolyn da David Levy, su ne suka gano wani tauraro mai wutsiya da ya karye gida 21, kuma tsakanin 16 da 22 ga Yuli 1994 duniya ta zuba ido gutsattsarinsa suna faɗawa kan Jupiter ɗaya bayan ɗaya, suna barin baƙin tabo wanda wani ya kai girman duniyarmu. Daga nan 'yan siyasa suka daina ɗaukar maganar a matsayin tatsuniyar fim. A 1998 hukumar NASA ta ɗauki alkawarin gano kashi 90 cikin ɗari na duwatsun da ke matsowa kusa da duniya masu faɗin kilomita ɗaya ko fiye, irin waɗanda za su iya jefa duniya duka cikin yunwa. Zuwa 2011 an cika alkawarin. Adadinsu ya kusa 1,000, kuma cikin waɗanda aka sani babu wanda zai same mu a wannan ƙarni. A 2005 majalisar dokokin Amurka ta ƙara nauyi, ta ce a nemo har masu mita 140, waɗanda za su iya shafe babban birni da kewayensa. An ƙiyasta su kusan 25,000, kuma har yanzu ba a gano rabinsu ba.

Aikin gadin ba shi da ban mamaki a ido. Madubin hangen nesa yana ɗaukar hoton gefe ɗaya na sama sau huɗu, da tazarar mintoci tsakani. Taurari suna nan inda suke, duk ɗigon da ya gusa sai kwamfuta ta yi masa alama. A aika ma'aunin zuwa cibiyar Minor Planet Center da ke Amurka, wasu masu madubi a wasu ƙasashe su bi shi, daga nan a lissafa hanyarsa shekaru masu zuwa. Manyan masu wannan aiki su ne Catalina a Arizona, Pan-STARRS a Hawaii, da ATLAS, wanda ya kafa ɗaya daga cikin madubansa a Sutherland ta Afirka ta Kudu a 2022. A 2022 ɗin ne duwatsun da aka sani masu matsowa kusa da duniya suka haura 30,000.

Tashin hankali na farko ya zo a Disamban 2004, lokacin da lissafi ya ba Apophis, mai faɗin kimanin mita 340, yiwuwar kashi 2.7 cikin ɗari na faɗowa a 2029. Cikin kwanaki aka samo tsofaffin hotuna, aka gyara lissafi, barazanar 2029 ta kau. A 2021 aka sake auna shi da rada, aka tabbatar ba zai taɓa duniya ba har shekara ɗari.

Tasha ta Shida da Chelyabinsk

Karo na farko da aka hango dutse kafin ya iso, a Afirka ya sauka. Ranar 6 ga Oktoba 2008 Richard Kowalski na Catalina ya ga wani ɗigo, lissafi ya nuna zai shigo cikin ƙasa da kwana ɗaya a kan arewacin Sudan. Haka kuwa aka yi. Da asubar 7 ga Oktoba, lokacin da mutanen Wadi Halfa suke fitowa daga sallah, dutsen mai faɗin mita huɗu ya tarwatse a sama da tazarar kilomita 37. Mutane da yawa sun ɗauka ya zama toka. Amma Muawia Shaddad na Jami'ar Khartum, tare da Peter Jenniskens, suka kwashi ɗalibai a Disamba suka jera su sahu guda suna taka hamadar Nubiya a ƙafa. Suka tsinto gutsattsari, daga ƙarshe kusan 600. Aka sa musu sunan tashar jirgin ƙasa da ke kusa, Almahata Sitta, Tasha ta Shida. Ba a taɓa samun dutsen da aka auna haskensa a sarari sannan aka riƙe shi a hannu ba sai ranar. An maimaita irin haka a Botswana a Yunin 2018.

Sai dai gadin yana da makanta. Da safiyar 15 ga Fabrairu 2013 wani dutse mai faɗin kimanin mita 20 ya shigo a kan birnin Chelyabinsk na Rasha, yana gudun kilomita 19 a daƙiƙa. Ta wajen rana ya ɓullo, inda madubin da ke ƙasa ba ya gani, don haka ba wanda ya san da zuwansa. Ya fashe a sama da ƙarfin da ya ninka bam ɗin Hiroshima kusan sau 30. Mutane suka ruga tagogi kallon hasken, bayan minti ɗaya ko biyu girgizar iska ta iso ta farfasa gilasai a fuskokinsu. Kimanin mutum 1,500 suka je asibiti, gine-gine sama da 7,000 suka lalace, amma ba a rasa rai ba. Darasin da aka ɗauka mai sauƙi ne: wanda ya ga irin wannan haske ya nisanci taga da bango mai rauni har ƙarar ta wuce.

Bayan Chelyabinsk Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da kafa ƙungiyoyi biyu, IAWN mai tattara bayanai ta yi gargaɗi, da SMPAG inda hukumomin sararin samaniya suke shawarar abin yi. A 2016 NASA ta buɗe ofishi na musamman don kare duniya, Majalisar kuma ta ayyana 30 ga Yuni, ranar Tunguska, a matsayin ranar wayar da kai kan duwatsun sama.

Daren da aka ture dutse

Ganin dutse ba shi ne maganinsa ba. Amma maganin ba ya bukatar a farfasa shi, kamar yadda finafinai suke nunawa. Duniya tana tafiyar kilomita 30 a daƙiƙa a kan hanyarta, cikin minti bakwai ta gusa da tsawon faɗinta. Karo yana faruwa ne in ita da dutsen suka iso mahaɗa lokaci ɗaya. In aka sa dutsen ya makara ko ya riga da 'yan mintoci, shi ke nan sun saɓa. Canjin gudu na santimita ɗaya a daƙiƙa, in aka ba shi shekara goma, ya zama tazarar kilomita sama da 3,000. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: dutsen da aka hango saura shekara ashirin, ɗan turi ya ishe shi, wanda aka hango saura wata shida kuwa sai dai a kwashe mutane.

An daɗe da wannan lissafi a takarda, ba a gwada ba sai da NASA ta harba kumbon DART ranar 24 ga Nuwamba 2021. An zaɓi wasu duwatsu biyu da ba su da haɗari gare mu: Didymos mai faɗin mita 780, da ƙaramin da ke kewaya shi, Dimorphos, mai kimanin mita 160, wanda yake gama zagaye cikin awa 11 da minti 55. Daren 26 wayewar 27 ga Satumba 2022, ƙarfe 12 da minti 14 agogon Nijar da Nijeriya, a nisan kilomita miliyan 11, kumbon mai nauyin kusan kilo 580 ya daki Dimorphos da gudun kilomita 6 a daƙiƙa. Shi ya tuƙa kansa a sa'o'in ƙarshe, domin saƙo daga ƙasa ba zai isa a kan lokaci ba. Madubin ATLAS na Afirka ta Kudu yana cikin waɗanda suka ɗauki hoton ƙurar da ta tashi. Masu aikin sun ce in zagayen ya ragu da daƙiƙa 73 an ci nasara. Ya ragu da minti 32. Tarin duwatsu da ƙurar da suka fantsama baya su ne suka ƙara turin, fiye da abin da nauyin kumbon kaɗai zai yi. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba kumbon Hera ranar 7 ga Oktoba 2024 don ya je ya auna nauyin Dimorphos da abin da dukan ya bari.

Akwai wasu dabaru a ajiye. Ɗaya ita ce kumbo ya tsaya kusa da dutsen shekara da shekaru, nauyinsa yana jan dutsen a hankali. Wata ita ce fasa makamin nukiliya a gefensa, in dutsen ya yi girma ko lokaci ya ƙure, sai dai yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta hana ajiye irin waɗannan makamai a sama, kuma ba a taɓa gwadawa ba. Kowace dabara tana ɗauke da tambayar siyasa: yayin da ake ture dutse, wurin da zai sauka yana gusawa daga wata ƙasa zuwa wata kafin ya fita daga duniya baki ɗaya. Wa zai yanke ta wane gefe za a tura?

Inda aka tsaya

Tambayar ta matso gida a farkon 2025. Ranar 27 ga Disamba 2024 madubin ATLAS na Chile ya gano 2024 YR4, mai faɗin kimanin mita 60, sa'an na Tunguska. Zuwa 18 ga Fabrairu yiwuwar faɗowarsa ranar 22 ga Disamba 2032 ta kai kashi 3.1 cikin ɗari, mafi girma da aka taɓa lissafa wa dutse mai wannan girma. Layin da zai iya sauka a kai ya taso daga tekun Pasifik, ya ratsa arewacin Kudancin Amurka, ya bi gaɓar Afirka ta Yamma ta wajen Legas, ya wuce Sudan zuwa Indiya. Cikin mako guda ƙarin ma'auni ya sauko da adadin kusan sifili. Amma an ga cewa akasarin ƙasashen da ke kan layin jira kawai suke a gaya musu.

A shekarar dai wani labari ya fito daga Nijar. Dutsen Mars mafi girma da aka taɓa samu, mai kilo 24.67, wanda aka tsinta a jihar Agadas a Nuwamban 2023, kamfanin Sotheby's ya yi gwanjonsa a New York ranar 16 ga Yuli 2025 kan kusan dala miliyan 5.3. Ko sunan garin da ke kusa bai samu ba, NWA 16788 ake kiransa, lambar da ake ba duwatsun arewa maso yammacin Afirka da suka bi ta hannun 'yan kasuwa. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Shekara ɗari bayan dutsen Ƙonni, hanyar ba ta canja ba: a nan dutse yake faɗowa, a wata ƙasa ake karanta shi.

Ba kowace ƙasa ce za ta harba kumbo ba, amma tarihin nan ya nuna ƙofofin da suke buɗe. Sudan ta yi abin da ta yi da malami ɗaya da motocin ɗalibai. A Senegal, Maram Kaire ya jagoranci tawagogin 'yan ƙasar da suka yi aiki da NASA a 2018 da 2020 da 2021, suna auna inuwar duwatsu yayin da suke gitta gaban taurari, har aka sa wa wani dutse sunansa. Faransa ta shimfiɗa ƙananan kamarori kusan ɗari a rufin makarantu da ɗakunan bincike, a shirin FRIPON, don duk abin da ya faɗo a san ta inda ya zo da inda ya sauka. Shirin IASC yana aika hotunan Pan-STARRS ga ɗalibai ta intanet su nemi ɗigon da ya gusa. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin jami'ar Tawa, ko Abdou Moumouni ta Yamai, ko Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato. A ƙauye ma, mai gari ko malamin makaranta da ya rubuta rana da sa'a da gefen da haske ya fito, ya hana a farfasa dutsen, ya yi rabin aikin da Biot ya yi a 1803.

Akwai lokacin shiri. NASA tana haɗa madubin NEO Surveyor, wanda zai zauna a sarari ya riƙa hango duwatsu ta zafin jikinsu, har waɗanda ke zuwa ta kusa da rana. Ranar Juma'a 13 ga Afrilu 2029 kuma Apophis zai wuce a tazarar kilomita kusan 32,000 daga ƙasa, ƙasa da inda taurarin ɗan'adam masu kawo talabijin suke, kuma Afirka tana cikin wuraren da za a gan shi da ido bayan faɗuwar rana. Ba zai taɓa kowa ba. Masana daga ƙasashe da yawa za su nemi sama mai haske don auna shi, kuma makarantun Ƙonni da Malbaza da Illela suna da shekarun da suka rage su tanadi madubi da malamin da ya san amfani da shi.